Ragin Kashi 25 Ko Ƙarin Kashi 25: Wanne Ya Fi Wa Mai Saye?

Robobi biyu na sabulun wanki suna jere a kan kanta ɗaya, kamfani ɗaya ya yi su, farashinsu na asali ma ɗaya. An manna wa ta farko takarda cewa an yi ragin kashi 25 cikin 100. Ta biyu ta ɗan fi tsawo, an rubuta a wuyanta da jan rubutu cewa an ƙara kashi 25 cikin 100 kyauta. Mafi yawan mutane za su ce ai duk kanwar ja ce, 25 nan, 25 can, sai su kai hannu ga wadda ta fi cika ido. To ba ɗaya ba ne, ta farkon ce ta fi araha.

Mu ce lita guda ce a robar, ana sayar da ita 100, ko da wane irin kuɗi ne. Idan aka yi ragin kashi 25, ka sami litarka a kan 75. Idan ƙari aka yi, za ka biya 100 cif, a ba ka lita 1.25. Raba 100 ɗin da 1.25, sai ka ga kowace lita ta zo maka a kan 80. Wato ƙarin kashi 25 bai wuce ragin kashi 20 ba. Tazarar 5 ce kawai a nan, amma tana buɗewa yayin da lambobin ke girma. Ragin kashi 50 yana nufin ka biya rabin kuɗi. Ƙarin kashi 50 kuwa lita 1.5 ce a kan 100, kowace lita ta kama kusan 67, ragin da bai wuce kashi 33 da ɗan ɗoriya ba. Kafin ƙari ya kamo ragin kashi 50, sai an ninka maka kayan gaba ɗaya, wato ƙarin kashi 100.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Kaso ba ya tsayawa shi kaɗai, kullum ana ɗora shi ne a kan wani adadi. Ragi a kan kuɗin da za ka fitar ake lissafa shi, yana cin kuɗin kai tsaye. Ƙari kuwa a kan kaya ake lissafa shi, kuɗinka na nan yadda yake, sai dai ya bazu a kan kaya mai ɗan yawa. Tun da tushen lissafin ya bambanta, lamba ɗaya ba za ta ba da sakamako ɗaya ba. A duk lokacin da lambobin biyu suka zo daidai, ragi ne a gaba, babu wani yanayi da zai sauya wannan.

Inda ake buƙatar lissafi shi ne idan lambobin suka sha bamban, kuma haka aka fi gani a kanti. Hanyar mai sauƙi ce: ɗauki lambar ƙarin, raba ta da jimillarta da 100, amsar ita ce ragin da ya yi daidai da ita. Ƙarin kashi 10 ragin kashi 9 ne da ɗan abu. Ƙarin kashi 20 ragin kusan kashi 17 ne. Ƙarin kashi 40 bai kai ragin kashi 29 ba, saboda haka idan ka ga ƙarin 40 a gefe guda, ragin 30 a ɗaya gefen, ƙaramar lambar ce ta yi nasara duk da babbar ta fi ta kwarjini. Irin tallan nan na “sayi kaza a ba ka kaza” ma duk ƙari ne aka sauya masa riga. Sayi ɗaya a ba ka ɗaya, ragin kashi 50 ke nan. Sayi biyu a ba ka na uku, kashi 33. Sayi uku a ba ka na huɗu, kashi 25. Wanda ya fi yaudarar ido shi ne “sayi ɗaya, na biyu rabin kuɗi”. Kalmar rabi ce ke shiga kunne, alhali 150 ka biya maimakon 200, ragin kashi 25 ne kawai, kuma sai ka ɗauki biyu kafin ka same shi.

Masu nazarin halayyar masu saye sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 2012 mujallar Journal of Marketing ta wallafa wani bincike da Akshay Rao na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa suka yi, inda suka nuna mutane sun fi karkata ga ƙarin kashi 50 a kan ragin da ya yi daidai da shi, ko ma ya ɗan fi shi. Ido lambar yake gani, ba ya tambayar a kan me aka ɗora ta. Ga kuma kalmar kyauta, wadda ba ta taɓa rasa masoya ba.

To idan lissafi ya nuna sun yi kunnen doki fa, kamar ragin 20 da ƙarin 25? A nan ne zaɓin ya fi daɗin tattaunawa, domin kalkuleta ta gama nata aikin. Ni dai ragi nake ba wa fifiko, kuma ga hujjata. Da ragi, 80 ne ke fita daga aljihunka, 20 ɗin da ya rage naka ne, ka kai shi inda ka ga dama. Da ƙari, 100 ɗin duk ya tafi, ribarka tana cikin roba, ba za ka ci moriyarta ba sai ka yi amfani da kayan har ƙarshe. Idan abu ne mai wa'adi kamar magani ko man shafawa, ko wanda ke bushewa da zarar an buɗe shi kamar fenti da gam, duk abin da ya lalace a hannunka daga cikin ribar ake cire shi. Wanda ya karɓi ƙarin kashi 25 ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke robar, ya koma daidai inda wanda ya saya a cikakken farashi yake, ko kwabo bai tsira da shi ba. Akwai kuma wata ɗabi'a da kowa ya sani a gidansa: abu idan ya yi yawa, hannu yakan saki wajen amfani da shi.

Ƙari yana da ranarsa. Idan kaya ne da ba ya lalacewa, kana da wurin ajiya, kuma ko babu talla dole wata mai zuwa ka sake sayensa, to karɓar ƙarin ba asara ba ce, musamman a lokacin da farashi ke hawa. Abin da ka ajiye yau a tsohon farashi ya tsallake tsadar gobe. Sai dai ka tabbata lambar ƙarin ta haye ragin da gaske bayan ka juya ta, ba a takarda kawai ba.

Shi kuwa mai kanti, me ya sa ya fi son ba da ƙari? Mu ce ya saro kaya a kan 60 yana sayarwa 100, ribarsa 40. Da ya yi ragin kashi 20, kuɗin da ke shigowa 80 ne, riba ta koma 20. Ragin kashi 20 ya cinye masa rabin riba, sai ya sayar da ninkin abin da ya saba kafin ya dawo inda yake. Idan ƙarin kashi 25 ya bayar, 100 ɗinsa ya shigo cif, kayan da ya fita ya tsaya masa a kan 75, ya tashi da 25 daga wannan mai sayen. A kowace lita ribar ɗaya ce da ta ragi, amma ya fitar da kaya mai yawa ta hannun mutum ɗaya, ya rage abin da zai yi masa kwantai, kuma bai saba wa jama'a da ƙaramin farashin da zai yi wuyar ɗagawa daga baya ba. Babu laifi a wannan, dabarar kasuwa ce. Amfanin saninta shi ne ka gane cewa tayin da ya fi wa mai kanti daɗi ba lallai shi ne ya fi maka ba.

Ga ɗan kasuwa kansa akwai tarko a wannan lissafi. Wanda ya saro a kan 100 ya ɗora kashi 25, yana sayarwa 125. Idan wani ya matsa masa ya yi ragin kashi 20, zai iya ɗauka saura kashi 5 a hannunsa. Babu komai a hannunsa. Kashi 20 na 125 shi ne 25 daidai, ya sayar a kan uwar kuɗi, wahalar ɗauko kaya da kuɗin haya kuma duk a kansa.

Wannan ya kawo mu ga hawa da sauka a kan farashi ɗaya. Idan aka ƙara kashi 20 a kan 100, ya zama 120. Idan aka rage kashi 20 daga nan, 24 za a cire, ya sauka a 96. Ko da saukar aka fara, 100 ya koma 80, aka ɗora masa kashi 20, 96 ɗin dai za a tarar. Da kashi 10, a 99 ake tsayawa. Da kashi 50, a 75. Hawa da sauka masu lamba ɗaya ba sa mayar da farashi gidansa, kullum ƙasa kaɗan suke ajiye shi, domin saukar daga babban adadi ake yanko ta, hawan kuma a kan ƙarami ake ɗora shi.

Mutum zai ce ai wannan ya yi wa mai saye kyau. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka kwatanta kantuna biyu da ke sayar da takalmi iri ɗaya wanda farashinsa na yau da kullum 100 ne. Na farko ya ɗaga shi zuwa 140 makonni kaɗan kafin lokacin rangwame, sannan ya kafa allo mai cewa ragin kashi 30. Na biyu bai taɓa farashinsa ba, ya yi ragin kashi 10 shiru. A na farko 98 za ka biya, a na biyu 90. Ragin kashi 30 ɗin nan na gaskiyarsa kashi 2 ne. Lambar da ke kan allo ba ta da amfani idan ba ka san daga wane farashi aka yanko ta ba. Wannan dabara ta yi yawan da Tarayyar Turai ta sa mata doka: tun daga watan Mayun 2022, duk wanda zai sanar da ragi a ƙasashenta dole ne tsohon farashin da zai nuna ya zama mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar da kayan a kai cikin kwanaki 30 da suka gabata. Inda babu irin wannan doka, mai saye ne zai zama ɗan sandan kansa, ya bar kallon kaso, ya kwatanta kuɗin ƙarshe da zai biya a nan da wanda zai biya a can.

Akwai wata hanya da ke rage wahalar duk wannan. Ka mayar da kowane kaso abin ninkawa. Ƙarin kashi 40 shi ne sau 1.4, ragin kashi 30 shi ne sau 0.7. Ka danna 1.4 sau 0.7 a kalkuletar wayarka, 0.98 zai fito, an gama magana. Komai yawan hawa da saukar da aka jero, ninka su za ka yi, kada ka tara su.

Da wannan hanya za ka ga wani abu game da rangwamen da aka kasa gida biyu. Ragin kashi 20, sannan “ƙarin ragin kashi 10 a wurin biya”, ba kashi 30 ba ne. 0.8 sau 0.9 ya ba da 0.72, ragin kashi 28 ke nan, saboda na biyun a kan abin da ya saura aka lissafa shi. Ragin 30 da ɗoriyar 20 kashi 44 ne, don haka ragin 45 na lokaci guda ya fi shi, ko da yake kunne 50 ya ji. Abin mamakin shi ne idan ƙarin farashi aka kasa gida biyu, nan ma mai saye ne ke kwana ciki. Ƙarin 20 sannan ƙarin 10 ya kama kashi 32, ya fi ƙarin 30 na lokaci guda ciwo a ƙarshe. Ragi idan aka rarraba shi ƙanƙancewa yake, ƙari idan aka rarraba shi kumbura yake. Idan an ba ka zaɓi a kan jimilla iri ɗaya, ɗauki na dunƙule.

Wanne za a fara cirewa, bai dami kowa ba muddin duka biyun kaso ne, amsar ɗaya ce. Amma idan ɗaya tsayayyen kuɗi ne, jerin yana da tasiri. Kaya na 200, kana da ragin kashi 20 da kuma katin rangwame na 30. Idan aka fara da kason, 160 ne, a cire 30, ka biya 130. Idan aka fara da katin, 170 ne, a yi masa ragin kashi 20, ka biya 136. Idan kuma ɗaya kawai aka yarda ka yi amfani da shi, nemo inda suke haɗuwa: 30 kashi 20 ne na 150. Sayayyar da ba ta kai 150 ba katin ya fi, wadda ta haura kuma kason ya fi.

Haraji ma yana da irin nasa ruɗanin. A watan Janairun 2011 Birtaniya ta ɗaga harajin VAT daga kashi 17.5 zuwa kashi 20. Za a iya faɗin wannan ta hanya uku, kowacce gaskiya ce: an ƙara maki 2.5, harajin kansa ya ƙaru da kusan kashi 14, farashin kaya kuma ya hau da kashi 2 da ɗan kaɗan, daga 117.5 zuwa 120. Kowa yakan zaɓi wadda ta dace da abin da yake son mutane su ji, amma ta ukun ce ke taɓa aljihu. Jamus ta yi akasin haka a rabin ƙarshe na 2020, ta sauke nata daga kashi 19 zuwa 16 na wata shida. Maki 3 ne, amma ko da kantuna sun miƙa wa masu saye sauƙin gaba ɗaya, daga 119 zuwa 116 ragin kusan kashi 2.5 ne. Haka idan kanti ya ce ya ɗauke maka harajin kashi 20, wani kuma ya ce ya yi ragin kashi 20, ba ɗaya suke ba. A kan kaya na 120, na farko ya mayar da shi 100, na biyu 96.

Sai kuma ƙarin farashin da ba a sanarwa, wato a bar kuɗin yadda yake a rage abin da ke cikin kwali. Wannan shi ne ƙarin kyauta da aka juya kansa ƙasa, kuma a wannan karon lambar ƙanƙantar da kanta take yi. Idan aka rage kashi 10 na kaya, farashin kowane awo ya hau da kashi 11. Idan kashi 20 aka rage, ya hau da kashi 25. Tsakanin kamfanin da ya fito fili ya ƙara kashi 20 a farashi da wanda ya zaftare kashi 20 daga cikin kwali, na farkon ne ya fi sauƙi, duk da shi ne zai sha zagi. Maganin abin shi ne duba nauyi ko yawan da aka rubuta a jikin kaya, a raba kuɗin da shi. Manyan kantuna da yawa suna rubuta farashin kilo ko lita da ƙananan baƙaƙe a ƙasan babban farashi, kuma wannan ɗan rubutun ya fi duk jajayen takardun da ke kewaye da shi faɗin gaskiya.

A wajen kanti ma lissafin bai sauya ba. Idan aka ce hauhawar farashi ta sauka, ba a ce kaya sun yi araha ba. A Amurka ta kai kashi 9.1 a watan Yunin 2022, ta sauko kusan kashi 3 a Yunin 2023. Farashi bai koma baya ba a wannan shekarar, ya ci gaba da hawa ne a hankali, a kan tsadar da aka riga aka yi. Mai albashi kuma, idan zai auna ƙarin da aka yi masa da tsadar kaya, rabawa zai yi, ba ɗebewa ba. Idan lambobin ƙanana ne bambancin bai taka kara ya karya ba: ƙarin albashi kashi 10 da tsada kashi 15, 110 a raba da 115, ƙarfin sayensa ya ragu da kashi 4 da ɗan abu. Idan manya ne sai tazarar ta fito: albashi ya hau kashi 60, kaya sun hau kashi 100, abin da zai iya saye ya ragu da kashi 20, ba 40 ba. Haka kuɗin ƙasa idan ya rasa rabin darajarsa a kan na waje, kayan da ake shigowa da su ninkawa suke yi, ƙarin kashi 100 ke nan daga faɗuwar kashi 50.

Inda wannan rashin daidaito ya fi zafi shi ne wurin wanda ya riƙe kadara farashinta ya faɗi. Faɗuwar kashi 10 tana buƙatar hawan kashi 11 kafin a farfaɗo, ta kashi 50 tana buƙatar 100, ta kashi 80 sai 400. Ma'aunin hannayen jari na Dow Jones a Amurka ya faɗi da kusan kashi 89 tsakanin Satumbar 1929 da Yulin 1932, daga 381 zuwa 41. Daga can ƙasa sai da ya ninka kansa sau tara kafin ya koma tsohon matsayinsa, abin da bai faru ba sai a 1954. Na Nasdaq, shi ma a Amurka, ya zube da kusan kashi 78 daga Maris ɗin 2000 zuwa Oktoban 2002, bai sake taka wancan tudun ba sai a 2015. Saboda haka idan aka gabatar maka da jari biyu, ɗaya ya hau kashi 60 bara ya faɗi kashi 40 bana, ɗayan kuma ya hau kashi 3 kacal a kowace shekara, kada 60 ɗin ya ɗauke maka hankali. Na farko 1.6 sau 0.6 ne, ya mayar da 100 ɗinka 96. Na biyun ya kai shi 106.